Santir a cikin bis: a jikin me aka ɗaure shi?



Duk lokacin da babbar mota ta faɗi a kan hanyar Yamai, maganganu uku ne ke yawo a bakin mutane: gudun direba, lalacewar hanya, sai kuma kwana ya ƙare. A yi kwana biyu ana ta'aziyya, a na uku kowa ya koma harkarsa. Yanzu wasu sun ƙara ta huɗu, suna cewa a tilasta wa kowace motar haya sanya santir, tun daga babbar bis har Hiace har motocin da ke yawo cikin gari. Rabin maganar nan ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Ɗaya rabin kuma tsoro take ba ni, kuma dalilin tsoron ne ya sa na zauna rubutun nan.

Ni ba injiniya ba ne. Sana'a ce ke kai ni Yamai kusan kowane wata, kilomita sama da 650 daga Maraɗi, tashi tun kafin asuba, isa da la'asar idan Allah ya kiyaye hanya. Sannan ina da kawu mai walda, wanda ya shekara sama da talatin a gareji yana yi wa motocin haya kujeru. Abin da zan faɗa, rabi daga kujerar fasinja na gano shi, rabi daga bakin kawu.

Mu fara da jikin mutum. Idan bis tana gudun kilomita 90 a awa, kai ma da ke zaune kana gyangyaɗi gudun 90 kake yi, mita 25 ke nan a kowane sakan. Ranar da motar ta tsaya farat ɗaya, ita ce ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Za ka ci gaba da tafiya sai wani abu ya tare ka: bayan kujerar gabanka, gilas, ƙarfen rufi, ko kan maƙwabcinka. Ƙarfin bugun daidai yake da na mutumin da ya faɗo daga tsawon mita 32, kamar bene hawa goma. Kuma idan tsayawar ta faru cikin rubu'in sakan ɗaya, nauyin kowa sai ya ninka sau goma. Mai kilo 70 ya koma kilo 700, buhu bakwai na gero. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa. Wanda yake cewa zai dafa kujera da hannu ya tare kansa, to ya gwada tare buhu bakwai da aka jefo masa.

Manyan bis ɗin da kamfanoni ke kawowa yanzu, na China irin su Yutong da makamantansu, da yawa suna zuwa da santir tun daga masana'anta. Duba gefen kujerarka a tafiya ta gaba, sau da yawa yana nan. Ko dai ya shige tsakanin katifa da jingina ya yi baƙi da ƙura, ko an ɗaure shi ta baya don kada ya dami mutane, ko wata Hajiya ta ɗaure jakarta da shi. Jakar ta samu kariya, mai jakar ba ta samu ba.

Wata rana bayan mun bar Madawa, wani dattijo da ke gefena ya ga na zaro nawa na karkaɗe na ɗaura. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ɗana, jirgin sama muka shiga? Wagga mota ƙatuwa ta, mi za shi same ta?"

Na ce, "Alhaji, gaskiyarku, ƙatuwa ce. Amma in ta kwanta gefe, ni da ku wa zai faɗo kan wani?"

Ya duba, shi ne a bakin taga ni ina gefen hanyar wucewa. Ya ce, "To ɗaure da kyau, kada ka hwaɗo mini."

Wasa muka yi, amma asalin maganar ke nan. Babbar bis ba kasafai karo gaba da gaba ke cinye mutanenta ba, kifewa ce. Taya ta fashe, ko direba ya kauce wa rami ko jaki ko amalanke, ƙafa ɗaya ta sauka daga kwalta, motar mai tsawo ta kwanta. Faɗin bis kusan mita biyu da rabi ne. Idan ta kwanta, waɗanda ke ɓangaren sama sai su zubo kan na ƙasa daga wannan tsawo, su da kayansu. Na ƙasa kuma gilas ɗin tagarsu ya tarwatse, motar tana ci gaba da jan ciki a kan tsakuwa, hannu ko kai ko rabin jiki ya fita waje. Wanda ya taɓa zuwa wurin da bis ta kife ya san inda ake samun gawarwaki: waje, ko ƙarƙashin motar. A irin wannan haɗari ko santir na ƙugu kaɗai, mai maɗauri biyu, yana yin babban aiki, don abin da ake nema shi ne kowa ya tsaya a kujerarsa har motar ta gama birgima. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa santir na ƙugu da kafaɗa yana rage haɗarin mutuwa a kifewar manyan bis da kashi 77 cikin 100, shi ya sa daga ƙarshen 2016 duk sabuwar bis ta doguwar tafiya a can sai da shi. A Faransa tun 2003 fasinjan bis mai santir dole ya ɗaura, in an kama shi tarar Yuro 135 ce, jika 88 da ƴan kai a kuɗinmu, kuma fasinjan ne zai biya.

Akwai wani abu da masu ƙera bis ke yi wanda ke nuna yadda santir da ginin mota suke tafiya tare. A ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 66 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana ɗora bis a kan dandamali, a karkata ta har ta faɗa gefe cikin rami mai zurfin santimita 80, sannan a auna ko ginshiƙan rufin sun lotsa sun shiga filin da fasinja ke zaune. Wato an gina motar don ta bar maka wani ɗan ɗaki da ba zai murƙushe ba. To amfanin ɗakin me ne ne idan lokacin faɗuwar ba ka cikinsa?

Na san amsar da ake bayarwa a tasha: in wuta ta kama fa, ko mota ta faɗa ruwa, santir ba zai riƙe ka ba? Buɗe santir danna ɗan yatsa ɗaya ne, ga wanda yake cikin hayyacinsa. Wanda kansa ya bugi ƙarfe ya suma, ko ƙafarsa ta karye, shi ne ba ya fita, ko da ƙofa a buɗe take. Masu cewa kwana ya ƙare kuwa, ba na musu da su, kowa da ranarsa. Sai dai na lura mai faɗin haka shi ne ke sa kwaɗo biyu a shagonsa da dare.

Wannan ita ce rabin da nake goyon baya. A doguwar hanya, cikin babbar bis da ta zo da santir ɗinta, babu wani uzuri. Kamfani ya zaro su ya wanke, ya gyara waɗanda bakinsu ya lalace, aparanti ya bi layi ya duba kafin a bar tasha, kamar yadda yake bi yana duba tikiti.

Motar cikin gari kuma wani zance ne daban, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Bis ɗin da ke tsayawa kowane mita ɗari uku, mutane na tsaye suna riƙe da ƙarfe, wani na hawa wani na sauka, ba a sa mata santir ko a Faransa ko a Amurka, dokokin da na ambata duk sun cire ta. Dalili shi ne ba ta gudu, kuma tana da nauyi. Bis mai tan 12 ta yi karo da ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, kowace na gudun 40, gudun bis ɗin zai ragu da kamar kilomita 9 kawai, ƙaramar motar ce za ta kwashi sauran. Mai nauyi shi ke da gaskiya a kan titi. Abin da irin wannan mota ke buƙata shi ne birki mai kyau, ƙarfen riƙewa, da ƙofar da ba a tafiya da ita a buɗe. Amma a hanyar Ƙwanni zuwa Dutsi abokin karonka ba ƙaramar mota ba ce, kamiyo ne ɗauke da albasar Galmi, ko tirelar siminti, ko kuka a bakin hanya. Nan nauyin bis ba ya cetonta.

Yanzu ga inda tsorona yake: Hiace.

Mu faɗi gaskiya, talaka ba babbar bis ce motarsa ta kullum ba. Mai zuwa kasuwar Tasawa, mai zuwa Dakwaro, Mayahi, Madarunfa, Ɗan Isa, Hiace yake shiga, wadda muke kira dis-nef plas ko da mutum ashirin da biyar ne a ciki. Da yawa daga cikin motocin nan sun shigo ƙasar ne a matsayin motocin ɗaukar kaya, bayansu fayau babu kujera ko ɗaya. Waɗanda suka zo da kujeru kuma ana cire na asalin, don ba su kai yawan da mai mota ke so ba. Daga nan sai garejin su kawu. A yanko bututun ƙarfe, a lanƙwasa, a yi walda, a shimfiɗa katako da soso, a rufe da leda. Benci huɗu, kowane na mutum huɗu, gwiwarka a bayan na gabanka.

Na tambayi kawu yadda ake kafa bencin a jikin motar. Ya ja ni cikin wata da ake gyara, ya ɗaga tabarmar roba ya nuna mini. Kowace ƙafar benci noti ɗaya, an huda daɓen motar an zura. Daɓen kuwa falle ne na ƙarfe siriri, wani wurin tsatsa ta ci shi har kana hango ƙasa. Wata ƙafar ma babu noti, ɗigon walda ne biyu.

Na ce, "Kawu, in hukuma ta ce a sa santir a nan, za ku iya?"

Ya ce, "Mi za shi hana? Kwana guda in gama mota ukku. Sai dai kai yaro, ka san abin da kaka tambaya? In na ɗaure mutum huɗu ga bencin nan, ran da mota ta daki wani abu, ba mutum huɗu za su tashi ba, mutum huɗu da benci za su tashi."

Ku dawo da lissafin buhunan gero. Mutum huɗu masu kilo 70, nauyi ya ninka goma, kilo 2,800 ke nan, ya fi nauyin Hiace ɗin kanta idan babu kowa a ciki. Duk wannan zai bi ta santir ya sauka a kan benci, daga benci ya sauka a kan noti huɗu, daga noti ya sauka a kan fallen ƙarfe mai tsatsa. A yanzu da babu santir, bencin nauyin kansa kawai yake riƙewa, da na waɗanda suka faɗo masa ta baya, kuma ko a hakan yana tsigewa. Wanda ya ga Hiace bayan karo ya ga yadda bencina ke tattaruwa gaba kamar an share su da tsintsiya, ƙafafun mutane a tsakani. Ƙara santir a kan wannan, ka ɗaure mutane ne a jikin abin da zai murƙushe na gabansu.

Santir ɗin mota na gaskiya ba igiya ba ce kawai. Tun da Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da mai maɗauri uku a 1959, wuraren da ake ɗaura shi su ne rabin aikin: a ƙaramar mota yana kama ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi da wurin da aka ninka ƙarfe a daɓe, da noti na musamman mai tauri. A cikin bis babu ginshiƙi kusa da kowane fasinja, don haka kujerar ce ke ɗauke da santir, kuma dole a gina kujerar da ƙarfi, a kafa ta a kan dogayen ƙarafan da ke haɗe da gangar motar. Idan mai kafaɗa ne, jinginar ma sai an ƙara mata ƙarfi don kada ta lanƙwashe, kujera ta ƙara nauyi, ta ƙara cin wuri, ta ƙara tsada. Har da wata matsala da masu ƙira ke fama da ita: jinginar da aka taurara don ta riƙe mai santir, ita ce kuma wanda bai ɗaura ba a baya zai daka da fuskarsa. Shi ya sa ake lulluɓe bayanta da soso mai kauri. A bencin garejinmu, abin da ke daidai goshinka bututun ƙarfe ne tsirara.

Kawu ya ce aikin yana yiwuwa, ba gagara ya yi ba. A sa farantin ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashin daɓe a kowace ƙafa don noti kada ya yage fallen, a nemi inda ƙarafan gangar motar suka ratsa a kafa a nan, a yi amfani da bututu mai kauri da noti mai tauri, a canza daɓen da ya ruɓe. Amma ya ce a shekarunsa na aiki, mai mota bai taɓa tambayarsa ƙarfin benci ba. Tambaya ɗaya ce kullum: mutum nawa za ta ɗauka, kuma nawa za ka rage mini?

Ban ga laifin mai motar gaba ɗaya ba. Lissafinsa a fili yake. Santir ɗaya mutum ɗaya ne, ba a ɗaure mutum biyar a wurin huɗu, ba a ɗaure wanda ke zaune kan jarka a tsakiya, ba a ɗaure aparanti da ke rataye a ƙofa. Ranar da santir ya zama gaskiya a Hiace, ranar lodi ya ragu, kuɗin mota kuma ya hau. Mu fasinjoji da ke kukan a kawo gyara, mu ne za mu fara zagin direba idan ya ƙara dala ashirin. Duk wanda ya ce maka za a yi wannan gyara kyauta, bai taɓa zama a tasha ba.

Wasu ƙasashen sun riga mu taka wannan hanya. A Kenya, a farkon 2004, ministan sufuri John Michuki ya tilasta wa ƙananan motocin haya da suke kira matatu sanya santir a kowace kujera, da na'urar hana wuce gudun 80, kuma ya rage yawan fasinja zuwa 14. Haɗurra sun ragu a farkon lokacin. Sai dai kasuwa ta cika da santir na jabu, aka riƙa ɗaura su don idon ɗan sanda, da ministan ya bar wurin kuma abin ya yi sanyi. A Senegal, bayan karon bis biyu a Sikilo kusa da Kaffrine ranar 8 ga Janairun 2023, inda kimanin mutum 40 suka rasu, gwamnati ta hana motocin haya tafiyar dare daga ƙarfe 11 zuwa 5 na asuba, ta hana shigo da tsofaffin tayoyi, ta kuma ce a cire kujerun da aka ƙara da ragar kaya ta saman mota. Masu motoci suka tafi yajin aiki, aka sassauta wasu matakan. Abin lura a wurina shi ne sun gane cewa yadda aka sake ƙera motar a gareji yana cikin abin da ke kisa. Ragar saman nan mu ma mun san ta: buhunan hatsi, babur, akuya, wani lokaci har da mutum. Duk kilo ɗaya da ya hau sama yana ƙara wa motar saurin kifewa, kuma in ta kife shi ne ke danne rufin a kan mutane.

Don haka idan ANISER da sandikan masu sufuri za su zauna kan maganar santir, roƙona shi ne a fara daga ƙasa. Wurin bizit, a ɗaga tabarmar roba a duba yadda aka kafa benci, kamar yadda ake duba birki da fitila. A fitar da ma'auni ɗaya na kaurin ƙarfe da irin noti, a koya wa masu walda, don su ne masana'antar kujerun ƙasar nan ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Bayan haka a zo kan santir. In aka juya tsarin, abin da za mu samu shi ne igiyoyi baƙaƙe suna reto a jikin benci, da sabon dalilin tsayar da mota a kowane shinge.

Ga wanda zai ɗaura a babbar bis, wurin ɗaurawa ma yana da muhimmanci. Santir na ƙugu a kan ƙashin ƙugu yake zama, ƙasa da ciki, kuma a ja shi ya kama. In ya hau kan tumbi, ranar bugu hanji da saifa ne za su ɗauki kilo 700 ɗin nan. Mace mai juna biyu ta sa shi ƙarƙashin cikin, kan cinyoyi. Kujerar da aka kwantar baya sosai don barci kuma tana sa mutum ya zame ta ƙarƙashinsa.

Saura yara, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai, don kowace bis da na shiga akwai uwaye da jarirai a cinya, da ƴan shekara huɗu da biyar da ba a saya wa kujera ba. Yaro mai kilo 10 zai koma kilo 100 a hannun uwarsa, babu hannun da zai riƙe shi. Wasu uwayen da suka ji maganar santir sai su zagaya shi ya haɗa su da yaron, wanda ya fi komai haɗari, don nauyin uwar gaba ɗaya zai matse yaron a jikin igiyar. Ƙanwata tana yawan zuwa Damagaram da ƴaƴanta biyu. Abin da muka tsayar da ita shi ne babban, mai shekara shida, a saya masa tikitinsa ya zauna a kujerarsa a ɗaure shi, ko da kuɗin ya yi zafi. Ita ta ɗaura nata ita kaɗai, ƙaramar kuma ta goya ta a gaba da zane ta ɗaure tamau, a saman santir ɗin ba ƙarƙashinsa ba. Zane ba kujerar yara ba ce irin ta Turai, bai kai ta ba ko kusa. Ta kuma daina karɓar kujerar gaba ta kusa da gilas, ko da aparanti ya ce ta fi iska.